Wa Ya Auna Zulma?

"Babu inda za a kai shi!"

Zulma ce ta faɗa, hannayenta biyu damƙe da kan keken. Idonta ƙyam a kan mahaifinta.

A tsakar gidan wani ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Na ce a fitar min da shi daga gida," in ji mahaifin nata, wanda ake kira Don Arcesio. "Da shi da wanda ya kawo shi."

Yau Zulma ta cika shekara ashirin da uku. Dangi sun cika gidan tun hantsi, miyar kaza da dankali tana tafasa a kan itace, kuma komai lafiya lau har zuwa lokacin da Libardo ya shigo yana turo keke. Libardo mai gyaran keke ne a bakin kasuwar garin Paipa, shi ne kuma wanda Zulma take so, kowa ya sani, mahaifinta ne kaɗai yake yin kamar bai sani ba. Keken da hannunsa ya ƙera shi, ƙarfe bayan ƙarfe, ya shafa masa fenti ruwan ƙwai, ya rubuta sunanta da siririn rubutu a jiki.

Nan da nan maza suka kewaye shi. Wannan ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ji nauyinsa, wancan ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya kasa kunne.

"Hau mu gani, 'yar gida!"

Ta tattare siket ta hau. Ta zagaya tsakar gidan sau ɗaya, ta sake zagayawa, ta tsaya cak a gaban teburin abinci.

Aka ɗauki tafi. Don Arcesio bai tafa ba.

A nan ne Rubiel ya matso. Rubiel ɗan maƙwabta ne, yana da akori-kura sabuwa da shanun madara, kuma ya daɗe yana zawarcin Don Arcesio don ya samu 'yarsa. Ya yi magana kamar raɗa, amma yadda kowa zai ji.

"Ikon Allah... Ko sirdin ba a taɓa ba. Kamar a jikinta aka ɗinka shi. Don Arcesio, kai da ka san keke, yaya ake samun wannan awon?"

Kowa a wurin ya san yadda ake samunsa. Mutum ya cire takalmi, ya jingina da bango, a cusa littafi tsakanin cinyoyinsa a tura sama, sannan a auna daga nan zuwa ƙasa. Da hannunsa Don Arcesio ya yi wa 'ya'yansa maza biyu haka.

Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Shi ya sa yanzu yake tsaye yana nuna ƙofa.

"Kai, mai baƙin hannu! Wa ya auna min 'ya?"

Libardo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ta ba. Na rantse da Budurwa Maryamu."

"To a mafarki ka ga awon?"

"Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Libardo ya sunkuyar da kai.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Kun ji ko?" Rubiel ya ce yana murmushi. "Alkawari."

Zulma ta juyo kansa.

"Kai kuma wa ya sa da kai? Ka ci miyarka ka yi shiru, ɗan sa-ido kawai!"

"Zulma!"

"Baba, babu wanda ya auna ni!"

"Fita," Don Arcesio ya ce wa Libardo. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Libardo ya dubi Zulma. Ta girgiza masa kai kada ya tafi, amma shi ba mai musu da babba ba ne a cikin gidansa.

"Allah ya ƙaro shekaru, sarauniyata," ya faɗa a hankali, ya fita.

Keken dai ba ta sake shi ba. Ta tura shi ta tsakiyar baƙi, ta shige da shi ɗakinta, ta banko ƙofa.

Tana zaune a bakin gado tana huci sai abin ya faɗo mata.

Wata biyu da suka wuce mahaifiyarta, Doña Herminda, ta ce za ta ɗinka mata wando. Ta sa ta cire takalmi. Ta jingina ta da bangon madafi. Ta ɗauko littafin addu'o'inta...

"Mama!"

Ta fito da gudu. Baƙi sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Doña Herminda, wadda take can bayan gida wajen gashin wainar masara lokacin da aka yi rigimar, ta fito tana goge hannu, ta tarar biki ya watse.

"Me ya faru? Wa ya mutu?"

"Mama, ina wandon da kika ce za ki ɗinka min?"

Doña Herminda ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta, ta gane.

"Au! A kan wannan ne? Tsoho, ni na auna ta. Da littafin addu'a ma kuwa. Ni na kai wa yaron takardar har shago, na ce idan ya faɗa maka sai na cire masa kunne."

Don Arcesio ya juyo kanta.

"Ke?"

"Ni. Ƙafa, hannu, kafaɗa. 'Yata ce, ko ita ma sai na nemi izini?"

Rubiel ya tuna cewa bai ba shanunsa ruwa ba, ya sulale.

Zulma ta tsaya a gaban mahaifinta.

"To ka ji. Aika a kira shi ka ba shi haƙuri."

Don Arcesio ya sunkuyar da kai.

"Ko wa ya auna," ya ce, "ba za ki hau ba."

Dama can maganar ke nan, awon kawai mafaka ce. A gidan Pongutá, wato gidansu Zulma, kowa da kekensa. Kowace Lahadi bayan an taso daga cocin safe, gidan gaba ɗaya ke ɗunguma su hau Tudun Gicciye: shi, da 'ya'yansa maza, da matansu, har Doña Herminda da furfurarta. Zulma kaɗai ake sakawa a mota tare da kwandon abinci. Shekara goma sha huɗu ke nan, uku na ƙarshe a motar Rubiel.

"Saboda me?"

"Kin sani."

"Ina so in ji daga bakinka."

Ya ɗago. Idonsa ya sauka a kan tabon da ya raba girarta ta hagu biyu.

"Ni ne a bayanki ranar," ya ce. "Kina ta matse birki, na ce saki, 'yata, kada ki ji tsoro, Baba na nan. Kika saki. A kwanar dutsen nan... Da bargon kafaɗata na naɗe ki. Kwana uku ba ki buɗe ido ba, Zulma. Kwana uku ina zaune ina ƙirga numfashinki."

Zuciyarta ta karye, amma ba ta bari ya gani ba.

"Shekarata tara a lokacin."

"Har yanzu idan na rufe ido..."

"Baba, ni sau ɗaya na faɗi. Kai ne kake faɗuwa kowace Lahadi."

Doña Herminda ta dafe baki.

"Kuma bari ka ji sauran," Zulma ta ci gaba. "Shekara guda ke nan ina hawa. Kullum idan aka ba mu hutun rana a wurin yin cuku, Libardo yana ara min keke. Na je har garin Duitama na dawo ba sau ɗaya ba. Ranar Lahadi zan hau Tudun Gicciye da ƙafata."

"Idan kika hau keken nan, ki manta da maganar yaron nan har abada."

"Zan hau. Shi ma ba zan manta da shi ba."

Da ta dawo daga aiki ranar Asabar, ta tarar da keken a ɗakinta ya durƙusa kamar akuya. Babu tayar gaba.

Ta duba rumbun dankali, ta duba ƙarƙashin gadaje, har rufin kaji ta leƙa. Don Arcesio yana zaune a ƙofa yana shan kofi, yana kallon sama kamar mai jiran ruwa.

Ta kira Libardo a waya.

"Mai maiko, yana da kyau ka san surukinka ɓarawon taya ne."

Ya yi dariya.

"Zan iya kawo wata. Amma rayuwata... ko mu bari ya huce? Ba na so in zama sanadin rabuwarki da shi."

"Ka ƙera min keke don in rataye a bango?"

"A'a."

"To gobe ka jira ni a gadar gindin tudun. Kada ka kawo komai."

Lahadi da safe, bayan coci, kowa ya fito da kekensa ƙofar gida. Akwai sanyi, hazo bai gama tashi daga kan duwatsu ba. Rubiel ya iso da motarsa a wanke, ya sha turare, ya fito ya buɗe ƙofar gaba.

"Shiga, gimbiya."

Doña Herminda ce ta shiga. Ta gyara zama, ta ɗora kwandon abinci a cinya.

"Ja mu je, ɗana. Yau gwiwata ke ciwo."

Sai ga Zulma ta fito, hular kwano a kai, tana turo kekenta ruwan ƙwai da tayar gaban keken mahaifiyarta.

Yayyenta biyu suka juya baya don kada a ga dariyarsu.

"Herminda!" Don Arcesio ya yi tsawa.

"Tayata ce, tsoho. Na ara wa wadda na ga dama."

Ya tsaya yana numfashi. Sannan ya hau kekensa.

A gada suka tarar da Libardo.

"Ba da kai muke tafiya ba," in ji Don Arcesio.

"Na sani, ranka ya daɗe. Hanyar ce kawai ta zo ɗaya."

Da aka fara hawa, Zulma ta gane dabarar mahaifinta. Maimakon tafiyar Lahadi ta hira da tsokana, sai ya sa ƙarfi tun daga ƙasa. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana kai madara gari a kan keke, ƙafarsa kamar itace. So yake ta gaji, ta sauka, ta shiga mota kafin a je inda ake gangarowa.

Matan yayyenta suka fara zamewa baya. Yayanta babba ya bi su yana mita.

Zulma ta manne.

Cinyoyinta suka ɗauki wuta. Iska ta yi ƙaranci, kowane numfashi kamar ana yankar ƙirjinta. Motar Rubiel ta matso gefenta.

"Akwai wuri a baya fa! Kada ki kashe kanki a banza!"

Ta ji ƙarar mari a kan dantse, da muryar mahaifiyarta: "Kalli hanya, ɗan nema!"

Can sama, inda gonakin dankali suka ƙare, keken ya fara tangaɗi a ƙarƙashinta. Libardo ya matso, ya miƙo hannu zai dafa bayanta ya tura ta, kamar yadda ake yi wa wanda ya gaza.

"Ka taɓa ni... na fasa aurenka!"

Ya janye hannun da sauri.

"Ashe dama kin yarda za ki aure ni?"

"Yi min... shiru!"

Ba ta san yadda ta ƙarasa ba. Ta dai ga gicciyen ƙarfen yana matsowa, ta ga bayan mahaifinta, ta ga ya waiwayo sau ɗaya, sau biyu. Da ya sa ƙafa a ƙasa, tayarta tana dab da tasa.

Ta kife a kan keken tana haki. Doña Herminda ta miƙo mata kofin ruwan mazarƙwaila mai zafi da yankan cuku a ciki. Ba ta taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba, ita da ta shekara goma sha huɗu tana zuba wa wasu.

Don Arcesio bai karɓi nasa kofin ba. Ya zo ya tsaya kusa da ita, ya rage murya.

"Kin hau. Na gani da idona, kowa ya gani. Kin fi yayyenki ma. Yanzu a sa keken a mota. Don Allah, 'yata. Ba umarni nake ba ki ba, roƙonki nake."

Wannan ya fi tsawar zafi. Hawaye ya cika idonta.

"Idan na shiga motar nan yau, Baba, ba zan taɓa fita daga cikinta ba."

Ta ɗaure igiyar hularta.

Ya dube ta, ya ga babu ƙofa. Sai ya durƙusa a gaban keken. Ya matse birkin gaba ya girgiza. Ya matse na baya. Ya juya taya ya kasa kunne, ya bi kowace ƙusa da yatsa, yana neman laifi ko ɗaya.

"Wa ya ɗaura birkin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Libardo.

"Me ya sa ka matso da mariƙin kusa haka?"

"Yatsunta gajeru ne. Kada ta yi miƙa kafin ta kama."

Don Arcesio ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ki bi bayana. Inda na taka, ki taka."

"A'a, Baba."

Ta yi alamar gicciye, ta tura feda.

Hanya ta buɗe a ƙarƙashinta. Iska ta cika kunnenta, sanyi ya fito mata da ƙwalla, itatuwa suka riƙa wucewa kamar ana jan su da igiya. Daga baya tana jin muryarsa.

"Birki! Zulma, birki! A hankali! Akwai yashi a gefe! Birki na ce!"

Kwana ta farko. Ta biyu. Ta uku.

Sai ga dutsen.

Ta gane shi tun daga nesa, baƙi, da ɗan akwati mai siffar Budurwa Maryamu a ciki da aka kafa a jikinsa. Yatsunta suka so su damƙe birkin gaba ɗaya.

Ta matsa a hankali tun kafin ta isa. Ta kai idonta can inda hanyar ta fita, ba kan dutsen ba. Ta kwantar da keken.

Ta saki.

Ta fita ɗaya gefen tana ihu, ihun da ita kanta ba ta san tana da shi ba, kuma ba ta tsaya ba sai gada.

Ta sauka tana dariya. Ta juya don ta ga fuskarsa.

Babu kowa a hanya.

Sai a lokacin ta lura cewa tun daga dutsen ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Yayyenta suka iso da matansu. "Ina Baba?" ta tambaye su. Suka ce ai yana gaba, tare da ita. Sun wuce da gudu, ba su lura da kowa a gefen hanya ba. Motar kuma ta tsaya a sama ana tattara kwanuka.

Babu Baba. Babu Libardo.

Dariyar ta mutu a bakinta. Ta tsaya a tsakiyar gada tana kallon kwanar ƙarshe. Wata motar madara ta ɓullo, ta wuce. Wani kare. Hankalinta ya fara zana mata abubuwa: furfura a kan kwalta, taya tana juyawa ita kaɗai. Ta juya keken za ta koma sama.

"Ga su can!"

Su biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, suna gangarowa a hankali kamar masu rakiyar amarya.

Ta jefar da keken a ciyawa ta ruga.

"Ina kuka tsaya? Me ya same ka? Ka faɗi ne? Baba, ka san abin da ka sa na ji?"

Idonsa jajir. Ya sauka da ƙyar.

"Minti nawa kika jira?"

"Ban sani ba! Goma!"

"Goma," ya ce, yana gyaɗa kai. "To."

Ta gane: ita minti goma ta jira, shi kwana uku. Ta faɗa ƙirjinsa ta fashe da kuka, shi ma ya riƙe ta da ƙarfi, hular kwanonta tana bugun haɓarsa.

"Na ga yadda kika sha kwanar," ya ce a kunnenta. "Da kika fita, sai ƙafafuna suka ƙi. Na zauna a gindin dutsen kamar tsohuwa. Wannan kuma," ya nuna Libardo da baki, "maimakon ya bi ki, sai ya tsaya a kaina."

"Ita ba ta bukatar kowa a hanyar nan, ranka ya daɗe," in ji Libardo.

"Wa ya tambaye ka?"

Ya share fuska da hannun riga, ya ƙare wa saurayin kallo daga sama har ƙasa.

"Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, a gaban mutane. A gaban mutane zan janye. Asabar mai zuwa ka zo da iyayenka. Ka wanke hannun nan da kyau kafin ka taɓa min ƙofa."

Libardo ya dubi hannayensa. Zulma ta yi masa gwalo ta cikin hawaye.

"Amma da sharaɗi," Don Arcesio ya ɗaga yatsa. "Ranar da aka yi ruwa, ba za ki..."

"Babu sharaɗi, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya dubi sama, ya dubi 'yarsa.

"Zan ci gaba da jin tsoro fa."

"Na sani. Ka ji tsoron a kan kekenka, kusa da ni."

Daga gada zuwa gida hanya miƙaƙƙiya ce, kuma da rana iska takan taso daga tafki ta doki mutum a fuska. Duk tsawon shekarun nan Don Arcesio ne ke shiga gaba ya tare ta, sauran su fake a bayansa.

Zulma ta ɗauko kekenta daga ciyawa ta karkaɗe shi.

"Gaba ko baya?" ta tambaya.

Ya gyara hularsa, ya sa ƙafa a feda.

"Wuce gaba, 'yata. Yau iskar ta fi ƙarfina."